Sha'aban Mai Wanke wa Mota Ido

Ya gama da fitilar hagu, ya koma ta dama. Sha'aban yakan ninka tsumman gida huɗu, ya hura wa gilashin tururin bakinsa kamar mai goge tabarau, sannan ya bi shi a hankali daga ciki zuwa waje. Motar ba tasa ba ce, ta kafilinsa ce, Balaraben da Sha'aban ke zaune a ƙasar a ƙarƙashin sunansa. Farar dina ce, irin ƙananan motocin ɗaukar kayan nan da suka cika Riyad. Jikinta duk ƙarzuwa, bodinta na warin albasa, ƙofar direba sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Duk wannan bai taɓa hana shi barci ba. Fitilun nan biyu ne dai ba ya yarda su fita da ƙura.

"Ido nake wanke mata, Malam," ya ce da ni ranar da na tsaya ina kallonsa. "Kai ma ai ba ka fita da kwantsa."

A Manfuha na san shi. Na zo Riyad wajen 'yata Bilƙisu da mijinta, zaman ya zarce yadda aka tsara, tsoho kuwa in ya rasa abin yi sai ya nemi inda ake jin yarensa. Akwai wani lungu bayan masallaci inda Hausawa ke haɗuwa da la'asar, a sha shayi, a taɓa hirar gida. Sha'aban ba ya cikin masu yawan magana a wurin. Mutumin Ɗambatta ne, dogo, furfura ta fara cin gemunsa daga gefe. Matarsa Ikilima da 'ya'yansa suna gida, ta waya yake ganin girmansu. Da an sallame asuba yake kama hanyar kasuwar Aziziya, ya loda tumatir da kokwamba da albasa da kwalayen lemo, ya bi ƙananan kantunan Manfuha da Ulaisha yana saukewa. Kafin azahar ya gama. Haka yau, haka gobe, shekara da shekaru.

Na taɓa raka shi zagayen. Abin da na lura da shi, hannunsa na dama ba ya zama a kan sitiyari. Wanda ya ba shi hanya, ya ɗaga masa. Wanda ya tare masa hanya, shi ma ya ɗaga masa. Mai shara a bakin titi, mai gadin kanti, tsohon da ke tsallakawa, kowa da rabonsa. A garin da kowa ke rufe cikin gilashi yana shan sanyin na'ura, ba kasafai ake amsa masa ba.

"Ba sa ganinka fa," na ce.

"Ni ai ina ganinsu."

Wurin mahaifinsa ya gaji hannun, wurinsa ya gaji tsumman. Malam Idrisu direba ne, yana jan Fijo wagon, mai dogon bayan nan, tsakanin Kano da Damagaram, a zamanin da in an ce mota Fijo ake nufi. A dawowa yakan kwana gida. Sha'aban ya ce tun tana bayan gari yake gane kukanta, ya ruga bakin layi ya tsaya. Can sai ta karyo kwana ta fuskanto shi: fitilu biyu masu ɗan karkata, kamar idon wanda ya san laifinka amma ya riga ya yafe, da ɗan zaki a tsakiya ya ɗaga ƙafa. Bayan gilashi kuma hannun babansa a sama. Da safe kafin a kama hanya, uban ya miƙo tsumma ya ce a wanke mata ido.

Wata safiya ta tafi, ya tsaya yana kallon bayanta har ta shige. Ciwo ya kama Malam Idrisu a Damagaram, can ya cika, can aka rufe shi. Motar da ma ta wani alhaji ce, ya ba wani direban, aka canza mata hanya. Ba ta sake karyo kwanar nan ba.

"Lokacin da suka cika titi, kau da kai nake yi in na hango irinta," in ji shi. "Ban iya kallo ba. Yanzu da nake so in kalla, babu su. A gida sun zama akurkin kaji, nan kuwa ko sunanta ba a sani ba."

Laouali ne ya kawo labarin tseren. Ɗan Damagaram ne, mai gyaran wayoyin mota a unguwar gareji, ƙane ga Sha'aban a shekaru. Da yake Bakano da Badamagare ba sa zama tabarma ɗaya a tashi ba tsokana, kullum cikinta suke. Laouali ya yi 'yan shekaru yana wani aikin sa kai: duk lokacin sanyi in an shirya tseren motoci a wani fili da ke wajen gari, yana cikin masu tsayawa a kowace kwanar hanya da tutoci suna yi wa direbobi ishara.

"Na wannan karon na tsofaffi ne," ya ce yana juya shayi. "Motocin da suka girme ni. Har da irin ta tsohonku. Na gan ta a hoto, fara tas, an manna mata lamba a ƙofa."

Sha'aban ya ajiye kofinsa. "Fijo? A tsere?"

"Ku ji Bakano. Shi a zatonsa don buhun gero da awaki aka ƙera ta."

"Awakinku ta ɗauka, da ku a kansu."

"To zo ka ga yadda take gudu in babu akuya."

Ya roƙi kafilinsa Juma'a da Asabar, aka ba shi. Ya je horo aka koya masa aikin, kuma a nan ya ji abin da Laouali bai faɗa masa ba. A kowace kwana mutum biyu ne ke tsayawa bayan shinge, suna fuskantar juna. Ɗaya na riƙe da shuɗiyar tuta, yana kallon motocin da ke tahowa, shi ke sanar da direba cewa wanda ya fi shi gudu yana bayansa. Ɗayan na riƙe da rawaya. Shi kuwa baya yake juya wa masu tahowa, idonsa a kan hanyar da ta wuce kwanar, inda direba ba ya iya hangowa. In wani abu ya faru a can sai ya kaɗa, kowa ya rage gudu. Kowannensu kuma shi ne idon ƙeyar ɗan'uwansa: in mota ta ƙwace ta nufo shinge, wanda ya gani zai fizge ɗayan. Shuɗiya sai wanda ya daɗe a aikin. Sabon shiga rawaya ake ba shi.

"Wato bayansu kaɗai zan gani," Sha'aban ya ce.

"Bayansu kaɗai. Ni kuma kwana biyu ina kallon fuskarka. Wa ya fi wani asara?"

Abin da ya ƙara wa zancen nauyi, Fijon tseren ba wagon ba ce, ƙaramar ce mai gajeren baya. Ta baya babu abin da ya haɗa ta da motar Malam Idrisu. Ta fuska ce suke uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce masa ai da sauƙi, ya je rumfar da ake ajiye su ya more kallo. Ya girgiza kai.

"A tsaye, Malam, ko a waya akwai ta. So nake in ga tana tahowa."

Ranar Juma'a ban je ba, daga bakinsu su biyu na tsinci labarin. Bayan an sauko daga masallaci aka kwashi masu tuta a bas aka rarraba su, kowa cikin kaya masu ruwan lemo. Kwanarsu tana kan ɗan tudu. Hanya ta hau, ta karya dama, ta gangara, ta yadda mai tahowa ba ya ganin abin da ke gangaren sai ya faɗa cikinsa. Sha'aban ya tsaya ya ba masu zuwa baya. Rukuni ya wuce, rukuni ya biyo. Ya ce kowace mota ta ƙeya take fara shigarsa, iskarta ta bugi kafaɗarsa, sannan ta bayyana a gabansa tana ƙanƙancewa. Ya jure, har ya fara jin daɗin abin.

Sai aka saki rukunin motocin da a da ake hawa a titi. A cikin hayaniyar injuna kunnensa ya tsinto murya ɗaya, mai ɗan shaƙewa, kamar dattijo na gyaran murya kafin ya yi magana.

"Ban yi shawara da kaina ba, Malam. Wuyana ne ya tafi shi kaɗai."

Ya makara. Kafin ya gama juyawa ta riga ta kawo daidai shi, fari kawai ya ga ya gifta. Amma hannun dama, wanda bai taɓa jin wannan murya ya zauna ba, ya riga ya tashi sama. Tutar kuwa na cikinsa.

Motoci uku da ke biye suka ga rawaya suka taka birki. Ta ukun saura ƙiris ta hau bayan ta biyu, taya ya yi kuka, hayaƙi ya tashi. Allah ya kiyaye. Oba-oba ta hau tambayar me ya faru a kwanar. Shugaban wurin, wani gajeren Balarabe mai sanyin murya da ake kira Abu Nawwaf, masu tuta kuma na ce masa mudir, ya amsa cewa hanya lafiya lau take. Bai ce da Sha'aban komai ba sai da rukunin ya gama.

"Me ka gani, ya Sha'aban?"

"Ban ga komai ba, mudir."

"To me ya sa ka ɗaga?"

Sha'aban ya sunkuyar da kai. Laouali ne ya amsa, wannan karon ba dariya a bakinsa. "Gaisuwa ce, mudir. Haka suke yi a garinsu. Mu ma haka."

Abu Nawwaf ya daɗe yana kallon hannun. "Gaisuwa abu ne mai kyau," ya ce. "Amma muddin wannan tuta tana cikinsa, hannun nan ba naka ba ne. Na mutanen da ke cikin motocin ne, kuma wasunsu sun haife ni. Sun yarda da kai ba su san sunanka ba. Gobe in ka waiwaya, ko ka ɗaga babu dalili, halas, an gama. Sai ka koma shirya motocin 'yan kallo, kuma ba za a sake kiranka ba."

A bas Laouali ya yi ƙoƙarin tsokana, ba ta kama ba. Da safiyar Asabar ya sauko da murya ya kawo wata shawara. Fijo za ta fita sau ɗaya ne ranar, a tseren ƙarshe, daga nan a loda ta a mayar da ita inda ta fito.

"Yaya, ni ke ganin tahowarta, ni ke ganin mudir. In ta hau tudun yana kallon wani wuri, zan ce maka yanzu. Ka saci kallo, ƙiftawar ido. Wa zai sani?"

Sha'aban ya ci gaba da saka kayansa masu ruwan lemo.

Ranar Asabar ɗin surukina ya kai ni. Filin yana can inda gine-gine ke ƙarewa, duwatsu masu launin gasasshen burodi su karɓi ƙasa. Na nemi wuri a rumfar 'yan kallo da ke fuskantar tudunsu. Kusa da ni wata mata da iyalinta sun zo da butar gahawa da dabino, suka miƙo mini ba tare da sun tambayi ko ni wane ne ba. Akwai makanikai 'yan Filifin da suka zo hutu, akwai Indiyawa da Sudanawa, akwai dattawan gari da ke nuna mota da sanda suna cewa irin wannan mahaifinsu ya fara saya.

Da aka fito da motocin, hira ta mutu.

Ban san ƙarfe yana da irin wannan kwarjini ba. Wasu siraran ne dogaye, direba na zaune a ciki kamar mai tuƙa kwalekwale, kansa a waje, tayoyi tsirara. Akwai jajaye masu ƙara kamar ana yaga sabon yadi daga wannan bango zuwa wancan. Akwai manya masu faɗin ƙirji waɗanda ƙararsu ke shigowa ta tafin ƙafa, ta hau gwiwa, kafin kunne ya sani. Akwai wata koriya da aka ce ta girmi kusan duk wanda ke wurin, ta wuce tana tofar da wuta ta salansa, ko a jikinta. Iska ta cika da warin mai da ƙonannen roba. Na ga wani direba, kansa fari fat, sai da mutum biyu suka kama shi kafin ya iya lanƙwasa ƙafa ya shiga. Da injin ya tashi, mutumin nan da bai iya tsayuwa ba sai da sanda ya bar wurin kamar an harba shi daga baka. Mu tsofaffin da ke rumfar muka dubi juna. Na ga wani ya gyara zama, ya miƙe bayansa.

Da lokacin la'asar ya yi aka kashe injuna duka. Shirun da ya sauko ya fi ƙarar girma. Hamada ta dawo da numfashinta, har kana jin yashi na tafiya a kan kwalta. A gefen hanya aka ja sahu, masu kayan tsere da masu ruwan lemo da masu farar jallabiya, kafaɗa da kafaɗa, motocin na bayansu suna hucewa, ƙarfensu na ɗan ƙas-ƙas kamar su ma suna da abin faɗa.

Bayan sallah iska ta taso. Rana ta yi ƙasa, aka ce masu fitila su kunna. Aka saki rukunin ƙarshe.

Daga inda nake ina hango su biyun a kan tudu, suna fuskantar juna kamar masu musabaha da ba su kai ga haɗa hannu ba. Ni na ga fuskar Fijo, ni da ban roƙa ba. Ta hau tudun da fitilunta masu karkata a kunne, gabanta a ɗan ɗage, ba ita ce kan gaba ba, ba kuma ita ce ƙarshe ba, tana tafiyarta irin ta wadda ta san hanya mai nisa. Daga zagaye na biyu na daina kallonta. Wuyan Sha'aban na koma kallo. Duk hawan da za ta yi, sai in ga kafaɗunsa sun ɗan ɗaga, kamar wanda aka kira sunansa a cikin sallah. Ta wuce, su sauka. Tutar tana ƙasa, a naɗe a gefen cinyarsa.

A zagayen ƙarshe, kamar yadda Laouali ya gaya mini daga baya, Abu Nawwaf ya juya yana magana a oba-oba.

"Yaya, wannan ce ta ƙarshe," Laouali ya ce. "Ga ta nan. Yanzu."

Wuyan bai motsa ba.

Fijo ta wuce kafaɗarsa, ta karya dama, ta faɗa gangaren. A can iska ta riga ta shimfiɗa siririn yashi a kan kwalta, kamar harshe. Tayoyin baya suka taka, suka zame. Motar ta juya a hankali, a hankali ƙwarai, yadda abu ke juyawa a mafarki, bayanta ya koma gaba, ta ja da baya kaɗan ta tsaya cak a tsakiyar hanya, injin ya mutu. Fuskarta na kallon tudu. Fitilunta biyu na kan mutumin da ke tsaye a can.

Tun ba ta gama juyawa ba rawaya ta riga ta tashi. Ban ga lokacin da ya warware ta ba. Na dai ga hannun nan, da na sani a titunan Ulaisha yana gaida mutanen da ba sa amsawa, yana kaɗa tuta da dukan ƙarfinsa, sama da ƙasa, har jikinsa na rinjaya kan shinge. Motoci huɗu na hawa tudun a guje, ba wanda ya san abin da ke jiransa. Suka ga rawaya. Ƙararsu ta faɗi lokaci ɗaya. Suka leƙo gangaren a sanyaye, suka rabu biyu, suka zagaye Fijo ta dama da hagu kamar ruwa ya tarar da dutse.

Matar da ta ba ni dabino ta ce, "Ya Sattar," a hankali. Can injin ya yi gyaran murya ya tashi. Direban ya fito da hannu ta taga, ya ɗaga shi sama yana fuskantar tudun, ya riƙe shi a nan ɗan lokaci. Sannan ya juya motar ya tafi. Sai a lokacin mutane suka tuna da tafi.

Washegari bayan azahar na je ɗakin su Sha'aban. Ƙaramin ɗaki ne a hawa na biyu, gadaje masu bene, kayan kowa a rataye a ƙusa, butar shayi a ƙasa kusa da ƙofa. Sha'aban ya dawo daga kasuwa, yana zaune a bakin gado yana cin gurasa da wake. Laouali ya riga ni zuwa, ya baje a gadon wani.

"Malam, zo ka ji," ya ce. "Mudir da kansa ya tare shi a ƙofar bas. Ya ce baɗi ya dawo, in yana so ma a ba shi shuɗiya, ya kalli fuskokinsu har ya gaji. Ka san me ya ce? Wai zai yi shawara. Bakano ko kyauta ka ba shi sai ya taya."

"Ku da ba a ba ku komai ba fa?"

"An ba ni kallon gemunka kwana biyu. Ya ishe ni har baɗi."

Sha'aban ya zuba mini shayi. Na tambaye shi abin da ya kawo ni: da Laouali ya ce yanzu, me ya riƙe shi? Tsoron mudir?

Ya gutsuri gurasa. "Da farko shi ne. Amma da ta taho ban tuna da mudir ba. Wannan na gani." Ya nuna Laouali da haɓa. "Ya zuba ido ta kan kafaɗata yana gadin bayana. Na ce to in na juya, shi wa ke gadin nasa? Badamagare ne, amma yana da 'ya'ya."

Laouali ya kau da kai. Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ko da yake na ga babu komai a ciki.

"Ka gan ta dai," na ce.

"Na gan ta."

"Ita ce?"

"Ita ce, Malam. Har zakin." Ya dubi tafin hannunsa na dama, inda sandar tuta ta bar masa kanta. "Mutumin ya ɗaga mini hannu ta bayan... ta taga. Ban amsa ba. Tun da nake ban taɓa barin gaisuwa a ƙasa ba sai jiya."

"Hannunka na aiki."

"Hannuna na aiki," ya maimaita, kamar yana gwada nauyin maganar. Ya share yatsunsa, ya rufe kwanon waken. "Abu ɗaya ne dai bai yi mini ba. Idonta duk yashi. Mota kamar wannan, an kawo ta daga wata uwa duniya, an manna mata lamba, an rasa mai wanke mata ido."

"Tsere take yi, yaya, ba kai amarya ba," in ji Laouali.

Sha'aban bai kula shi ba. Ya leƙa ta taga, inda dina ke tsaye a rana, iskar jiya ta bar mata nata rabon. Ya miƙe, ya zura takalmansa, ya zare tsumman daga ƙusar da ke bayan ƙofa.

"Ku sha shayinku, ina zuwa," ya ce, ya fita yana ninka shi gida huɗu.